Tukunyar Tsohuwa da Fuskar da Na Yi Mata

Ranar 30 ga Disamba da yamma, ina ninke tawul a ɗakin girki, tsohuwar da nake kula da ita ta dogaro sandarta mai ƙafa huɗu ta tsaya a bakin ƙofa. Shekarunta 86. Ita kaɗai take zaune a wani ƙaramin gari na gundumar Lankasta, a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Ni kuwa kamfanin kula da tsofaffi ne yake turo ni gidanta kwana biyar a mako, in taya ta wanka, in ba ta magani a kan lokaci, in dafa, in share. Wata bakwai muna tare ba mu taɓa samun saɓani ba. Likita ya hana ta yawan gishiri da kitse, saboda haka kaza da kifi da kayan lambu ne abincinta, kuma ba su taɓa sa ni tunanin komai ba.

Ta nuna mini wani kabad na ƙasa, ta ce in fito da abin da ke ciki. Tukunyar lantarki ce tsohuwa, launin ganyen da ya fara bushewa, cikinta kasko mai kauri, murfinta na gilashi, a gabanta maɓalli ɗaya tak. Ta shafa ta kamar yadda ake shafa kan jika. Ta ce tun 1974 take da ita, kuma daga wannan shekarar babu ranar 1 ga Janairun da ta wuce ba a ɗora ta ba, likita ma ya san wannan rana ba tasa ba ce. Sai ta ce in buɗe firji. A can ƙasa akwai ƙunshi biyu da maƙwabciyarta ta sayo mata, ɗaya kabeji mai tsami, ɗaya awazar alade.

Bakina bai ce komai ba, amma fuskata ta faɗa. Na ji hancina ya tattare, leɓena ya karkace, na ja da baya taku ɗaya kamar wadda ta ci karo da mushe a hanya. Cikin daƙiƙa biyu na gyara fuska, sai dai ta riga ta gani. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta ce a hankali, “Rufe firjin, ƴar nan, kada sanyin ya fita.” Ta juya ta koma falo. Har na tashi aiki ba ta sake ɗaga maganar ba.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya dame ni shi ne na kasa gane ko laifi na yi ko gaskiya na tsaya a kai. Ni Musulma ce, haifaffiyar Maraɗi, alade haramun ne a gare ni, wannan ba ya buƙatar mahawara. To me ya sa nake jin kamar na mari tsohuwa?

Kafin mu je ga amsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin wannan tukunya, da abin da take nufi ga masu ita. Mutanen yankin jikokin Jamusawa ne da suka fara sauka a Fensilbaniya a 1683, shekara biyu bayan Wiliyam Pen ya sami izinin kafa yankin a matsayin wurin da ba za a tsananta wa kowa saboda addininsa ba. Da yawansu gudun tsanantawar addini ce ta fito da su daga Turai. Manoma ne, sun zo da kabejinsu da aladunsu. Kabeji, wanda mu a gida muke ce wa shu, yana nuna ne a kaka, wajen watan Oktoba. Sai a yanka shi siri-siri, a barbaɗa gishiri kamar kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, a danna shi a tulu har ruwansa ya rufe shi, a bar shi makonni. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye zaƙinsa su mayar da shi tsami, kamar dai yadda madara ke zama nono. Jamusawa suna ce masa sawakraut, Faransawa shukrut. Alade kuwa ana yanka shi ne idan sanyi ya shigo, domin a zamanin da babu firji sanyi ne ke tsare nama. Ka ga kenan a ƙarshen shekara kabeji ya yi, nama ya samu, sai suka haɗu a tukunya guda.

Daga baya aka ɗora wa abin camfi. Suna cewa alade gaba yake tura hancinsa idan yana tono, kaza kuwa baya take watsa ƙasa, don haka wanda ya buɗe shekara da kaza baya zai yi ta komawa. Har gobe a garuruwan yankin coci-coci da ƙungiyoyin ƴan kwana-kwana suna dafa wannan abinci ranar sabuwar shekara, mutane su yi layi su saya. Girkin ba shi da wuya. A shimfiɗa albasa da yankakkiyar tuffa a ƙasan tukunya, a jera awaza kamar kilo ɗaya da rabi, a rufe ta da kabeji kamar kilo ɗaya, a zuba cokalin jan sukari da ɗan wani iri mai ƙamshi da suke kira karawe, a rufe, a sa maɓalli a ƙaramin zafi, a tafi. Awa takwas tana ɓararraka ƙasa da tafasa, jijiyoyin naman su narke, tsamin kabeji ya kashe ƙarfin kitse. A ci da dankalin Turawa da aka tuƙa kamar tuwo. Mijin tsohuwa ya rasu shekara shida kafin zuwana, ɗanta guda yana can wata jiha mai nisa. Abin da ya rage mata na waccan rayuwa bai wuce hotuna da wannan tukunya ba, ga yatsunta amosani ya lanƙwashe su, ko albasa ba ta iya yankawa.

Washegari bayan sallar asuba na kira yayana a Maraɗi, lokacin rana ta take a can. Shi ne ya yi karatun zaure a gidanmu, mu boko ya ɗauke mu. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Auta, tambaya biyu kika yi mini, kina tsammani ɗaya ce.” Na ce, “Yaya, waɗanne?” Ya ce ta farko ita ce ko in dafa. Amsarsa a'a. Haramcin ya zo a wuri huɗu a Alƙur'ani, a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, kuma hadisi ingantacce ya hana ko cinikinsa, don haka malaman da ya yi karatu a wurinsu ba su yarda Musulmi ya dafa wa wani ba muddin yana da mafita. “Ta biyu kuma,” in ji shi, “ita ce fuskar da kika yi. Wannan babu littafin da ya ba ki ita.”

Ya tuna mini abin da na taɓa ji na manta, cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, har alade. Namansa ne najasa bayan ya mutu. Ya tuna mini aya ta 8 a Suratul Mumtahana, inda aka bar mana ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Ya ce, “An hana ki ci. Ba a ce ki tsani dabbar da Mai hanin ne ya halicce ta ba, balle baiwar Allah da ta buɗe ido ta ga ana ci a gidansu. Ki je ki ba ta haƙuri, kuma kada ki dafa.”

Daga wannan waya na fara ganin cewa abu uku ne suka cakuɗe a cikina tun ina yarinya, har na ɗauke su abu ɗaya. Akwai hani, akwai ƙyanƙyami, akwai raini. Hani umarni ne da na karɓa da hankalina, kuma iyakarsa bakina da hannuna. Ƙyanƙyami tashin zuciya ne, ba ya neman izinina kafin ya zo. Raini kuwa hukunci ne da nake yanke wa wani mutum, cewa ya gaza ni daraja. Na farko addini ne ya ɗora mini. Na biyu reno ne ya dasa shi, kuma yana da amfaninsa, domin yaron da zuciyarsa ke tashi ba sai an tsare shi da bulala ba. Matsalar ita ce ƙyanƙyami ba ya tsayawa a kwano. Yana tsallakawa daga nama zuwa hannun da ya taɓa naman, daga hannu zuwa mai hannun, sai ka wayi gari kana raina mutum kana tsammani ibada kake yi.

Cewa ƙyanƙyami koyarwa ce, kowa zai iya gwadawa a kansa. Mu da muke sayen soyayyar fara a kasuwa muna taunawa da yaji, mun san yadda baƙo yake yi da fuska idan ya ga ƙafafunta. Daddawar da miyarmu ba ta yi sai da ita, ruɓar da kalwa ake yi kwanaki kafin ta zama abin da muke so, kuma wanda bai saba ba toshe hanci yake yi. Shi kansa kabejin nan mai tsami ya sha wannan. Lokacin da Kyaftin Kuk na Ingila ya tashi da jirgin ruwansa a 1768, ya ɗauki ganguna na kabejin don maganin ciwon da ke sa dasashin matuƙa jini idan sun daɗe ba su ci ɗanyen abu ba. Ma'aikatan jirgin suka ƙi ci. Sai ya sa aka riƙa kai shi teburin manya kullum, ba a jima ba ƙananan suka fara nema har sai da aka ƙayyade musu. Kabejin bai canja ba, masu cinsa ne suka canja a idonsu. A 1918, Amurka na yaƙi da Jamus, an yi yunƙurin sauya masa suna zuwa kabejin ƴanci, kuma a yaƙin duniya sunan wannan kabeji ya zama zagin da ake yi wa Bajamushe. Tsohuwa ta taɓa faɗa mini cewa mijinta, da ya shiga aikin soja yana saurayi, da sunan kabejin ake kiransa saboda karin harshensa. Ashe fuskar da na yi mata ba yau ta fara ganin irinta ba.

To amma in raini laifi ne, me zai hana in wanke laifin ta hanyar dafa mata? Wata abokiyar aikina, Musulma ce ita ma daga wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, haka ta ba ni shawara. Ta ce in sa safar hannu, aiki ne, ba ci zan yi ba, kuma in na cika tsirfa kamfani zai ba wata gidan. Ta kawo mini karin maganar nan cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo ka ɗaura. Ban ga laifinta ba, tana da ƴaƴa uku da hayar ɗaki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hujjarta tana da nauyi. Ga mace mai rauni, ga ni an biya ni in zama hannunta. Idan hannu ya fara zaɓen abin da zai ɗauka, ina amfaninsa ga mai shi?

Na auna wannan sosai, na tarar bai ɗaure ni ba, saboda dalili biyu. Na farko, babu lalura. Ayoyin da suka haramta naman su ne kuma suka yi rangwame ga wanda ya matsu, da a ce tsohuwa za ta kwana da yunwa in ban dafa ba, da lissafin ya canja. Amma ga maƙwabciya taku ashirin daga ƙofa, ita ce ma ta sayo naman. Na biyu ya fi zurfi. Abin da ya sa tsohuwa ta damu da tukunyar nan shi ne ta riƙe wani abu shekara hamsin ba ta saki ba, ko da likita ya ce ta saki. Ni ma wani abu na riƙe. Idan na jefar da nawa don in girmama nata, na nuna mata cewa irin wannan riƙo abu ne da ake sayarwa a kan kuɗin awa guda. Inda muka fi kama da juna, ni da ita, shi ne kowaccenmu tana da abin da ba ta saki.

Akwai kuma tsoron da ya sa mu Musulmi da ke zaune a ƙasashen nan muke saurin ɗaga kafaɗa idan aka ambaci alade, kuma tsoron yana da tarihi. A Sifen, bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, an tilasta wa Yahudawa da Musulmi shiga Kiristanci ko barin ƙasa, kuma kotun binciken imani tana ɗaukar ƙin cin alade a matsayin alamar cewa mutum yana ɓoye tsohon addininsa. A Paris, wata ƙungiyar masu ƙyamar baƙi ta riƙa raba wa marasa gida miyar alade da gangan, don kada Musulmi ko Bayahude ya amfana, har babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati a Faransa ta tabbatar da hana rabon a Janairun 2007. A 2016 majalisar garin Randers na ƙasar Danmak ta zartar da cewa dole alade ya kasance cikin jerin abincin cibiyoyin gari, har da gidajen renon yara. A irin waɗannan wurare an mayar da nama ma'aunin da ake gwada wa mutum ko zai durƙusa. Kuskurena shi ne na shigo ɗakin girkin tsohuwa ɗauke da wannan tsoro, na amsa mata kamar tana cikinsu. Alhali ita ba gwada ni take yi ba. Albasa take so a yanka mata.

Da na isa gidan ranar 31 ga wata, na same ta a kujerarta ta kusa da taga. Na durƙusa a gefenta kamar yadda zan durƙusa wa kakata, abin da kullum yake ba ta mamaki. Na ce, “Madam, jiya na yi miki abin da bai dace ba. Ki yafe mini.” Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai. Na ce mata addinina ya hana ni cin alade da dafa shi, ba zan iya ɗora mata tukunyar ba, amma fuskar da na yi ba addinina ba ne, rashin tarbiyyata ce ta fito. Ta daɗe tana kallon waje. Sannan ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta ɗauka duk watannin nan haka nake kallon gidanta, da kwanukanta, da ita kanta, ina dai ɓoyewa ne. Wannan magana ta fi mari zafi, domin ban iya rantsewa cewa babu ƙanshin gaskiya a cikinta ba.

Muka tsara abin tare. Ta ce a kira maƙwabciya. Yatsunta ba sa iya danna waya, ni na danna mata lambar na miƙa mata. A nan mai karatu zai iya tsayar da ni ya ce, ke da kika ƙi dafawa, ai ga shi kin kira mai dafawa, ina bambanci? Tambaya ce ta gaskiya, ni ma na yi wa kaina ita. Abin da zan ce shi ne layin da na ja ba madaidaici ba ne kamar na magini, amma layi ne. Hannuna bai taɓa naman ba, ban ɗora ba, ban zuba ba. Ban kuma tsaya tsakanin mace mai hankalinta da abin da addininta ya halatta mata a cikin gidanta ba, domin ba a ɗauke ni aiki in zama mai gadin cikinta ba. Wanda yake ganin ya kamata in ƙi danna wayar ma, sai ya faɗa mini ta yaya hana tsohuwa magana da maƙwabciyarta zai zama kyautatawa. Wanda kuma yake ganin tunda na danna waya gara in dafa gaba ɗaya, ya manta cewa yawancin rayuwar mai riƙe da addini a cikin mutanen da ba nasa ba a irin wannan tsakiyar ake yin ta.

Ranar 1 ga Janairu da ƙarfe takwas na safe maƙwabciya ta shigo, ta jera komai a tukunya, ta kunna, ta ce za ta dawo da yamma ta zuba, ta raba ragowar a ƙananan robobi yadda tsohuwa za ta iya ɗumamawa da kanta, ta wanke tukunyar. Ni kuma na zo da tawa tukunyar daga gida, da awazar rago da na sayo a shagon naman halal a Harisbag, da sabuwar jakar kabeji. Tsohuwa ta zauna a kujera tana ba ni umarni, yawan albasa kaza, tuffa kaza, kada in wanke kabejin duka don tsamin ne daɗinsa. Ta tambaye ni me ya sa ban kawo kaza ba, na ce ai na ji labarin mai watsa ƙasa baya. Ta ce rago fa? Na ce rago in zai yi karo baya yake fara ja, amma gaba yake ƙarewa. Ta yi dariya har da tari, dariyar farko tun shekaranjiya.

Awa takwas ƙamshin tukunya biyu yana cika gida, kuma hanci ba ya iya raba na wannan da na waccan. Ba zan ce zuciyata ba ta tashi ba, ta tashi, musamman wajen tsakar rana. Na buɗe tagar ɗakin baya na yi azahar da la'asar a can. Abin da na koya a wannan wuni shi ne tashin zuciya abu ne da mutum zai iya riƙewa a cikinsa, kamar yadda mai azumi ke riƙe ƙishirwa, ba sai ya zuba wa na kusa da shi ba. Tsohuwa ta hana ni ɗaga murfi, ta ce duk ɗagawa zafi yana tsiyaya, girki ya koma baya. Na ce mata a wurinmu ana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ta ce in maimaita, ta sa na rubuta mata a takarda ta manna a jikin firji.

A cikin wannan jira ne na duba tarihin tukunyar a wayata, na ci karo da abin da ya sa na ajiye wayar ina tunani. Wanda ya ƙirƙiro ta Bayahude ne mazaunin Shikago, Irving Naxon, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1940. Abin da ya ba shi tunanin shi ne labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na garinsu a Lituwaniya. Addininsu ya hana su hura wuta da girki ranar Asabar, saboda haka ranar Juma'a kafin faɗuwar rana sai a kai tukunyar wake da nama gidan mai burodi, a tura ta cikin tandar da ta fara hucewa, ta kwana tana nuna a hankali, washegari a ɗauko. A 1970 kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa, a 1971 ya fitar da tukunyar da sunan Crock-Pot, ta shiga gidajen Amurka a daidai lokacin da mata ke ƙara fita aiki. Wato tukunyar da ake dafa alade a cikinta duk sabuwar shekara ta fito ne daga mutanen da Attaura ta hana su alade, kuma hani ne ya haife ta. Mutanen nan ba su karya dokar Asabar don su ci abinci mai zafi ba, ba su kuma haƙura da cin mai sanyi ba. Sun zauna sun yi tunani har suka sami hanya ta uku. Sau da yawa abin da muke kira cin karo tsakanin addini da tausayi, ƙyuya ce ta neman wannan hanya, domin ta fi ɗaukar lokaci fiye da “to” ko “a'a”.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi, rana na shirin faɗuwa, muka zauna mu uku. Maƙwabciya ta zuba musu nasu, na zuba nawa a kwanon da na zo da shi. Tsohuwa ta haɗa hannu ta yi addu'arta, na yi bisimilla. Ta ɗanɗani ragona ta ce ya yi, amma bai kai na alade ba. Na ce wannan gardama ce da ba za mu taɓa rabawa ba, tunda shaida ɗaya ce kawai ta ɗanɗani duka biyun. Na tarar kabejin da na yi wa kallon banza yana da daɗi da naman rago, tsaminsa ya tuna mini miyar yakuwa.

Bayan mako uku na kawo mata ɗan ƙullin daddawa daga cikin wadda Inna ta aiko mini, domin ta daɗe tana tambayar me muke sa wa miya. Ta buɗe ledar ta kai hanci. Hancinta ya tattare, leɓenta ya karkace, ta ja kai baya. Sai ta farga, ta ɗago ta dube ni, kunya ta kama ta. Na ce, “Madam, an biya bashi.” Ta ce a'a, sai ta ci miyar tukuna. Ranar Juma'a na yi mata miyar kuka, na rage gishiri saboda likita, ta sha cokali huɗu ta ce ya isa. Ban matsa mata ba.